Kai Alhaji Yake So, Ko Sunana?

Unguwar Yelwa, Garwa.

Zuwa ga ɗana Sa'idu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka zaune daram a cikin mota, ba a matse ka tsakanin buhun albasa da ƙofa ba. Allah ya tsare hanya, ya raba ku da direba mai gyangyaɗi, ya sauke ku Ngaundere lafiya, ya hau da kai jirgin ƙasa lafiya, ya kai ka Duwala da lafiyarka da hankalinka. Innarka ta ce in gaya maka kilishin da ke ƙasan jaka na kawunka na Duwala ne, naka yana sama, kada ka yi kamar ba ka gane ba. Ita na ba takardar ta cusa maka a kaya, don na san in na miƙa maka da hannuna cewa za ka yi Baba ya fara, ka ninke ta ka sa a aljihu har wanki ya cinye ta.

Magana ɗaya ce ta hana ni sakat tun ranar da ka shigo gida kana murna wai Alhaji Buba ya ɗauke ka aiki. Ka ce sana'arsa sayen tsofaffin bindigogin farauta, irin waɗanda Nasara suka bari a ƙasar nan, ya tura su Turai a yi gwanjonsu. Kai kuma aikinka ka rubuta tarihin kowace bindiga da Faransanci, ka sa hannu a ƙasa. Na taya ka murna, kuma ba ƙarya na yi ba, don ka daɗe zaune da dipilom a akwati, na ga yadda zaman ya fara cin ka, har ka daina zuwa ɗaurin auren abokanka. Amma wata tambaya ta tsaya mini a rai. Samari masu dipilom a Garwa sun fi ƙudan mahauta yawa, me ya sa sai kai? Ba raina ka na yi ba, na san kanka yana ja. Sai dai kai ɗan Garba mai gyaran bindiga ne, kuma a wannan harka sunan nan yana da daraja ko da mai shi ba ya da ko sisi. Tsorona shi ne sunan yake so ya saya, kai kuma gyara ce aka ɗora a kai.

Aikina ka san shi sama-sama, don lokacin da ka yi wayo ƙarfina ya fara ja baya. Kakanka mahauci ne, a mahauta na tashi, amma jini bai karɓe ni ba, ƙarfe ne ya karɓe ni. Tun ina saurayi nake bin kamfama, wato sansanin farauta na Nasara can wajen dajin Binuwai. In rani ya kama sai su zo da akwatunansu su harbi ɓauna da gwanki, ni kuwa ɗakin bindigogi ne nawa, in goge, in sa mai, in duba kunama, in kulle. In ruwa ya sauka a rufe daji, sai in dawo gida in gyara na mutanenmu masu parmi, wato lasisin riƙe bindiga. Daga Banyo har Mora ana aiko mini. Shi ya sa da wuya a sami gidan da ke da tsohuwar bindiga a arewacin nan wanda ban san ƙofarsa ba, su ma kuma sun san ni, in na yi sallama har cikin gida ake shigar da ni. Alhaji Buba ya san wannan sarai.

Bari in gaya maka yadda aka yi da ni a wannan harka, ka auna da kanka.

Akwai wani tsohon Banasare da muke kira Mai-lofe. Shekara da shekaru yana zuwa, har gwiwa ta hana shi. A zuwansa na ƙarshe ya ba ni bindigarsa mai baki biyu, ƙirar Ingila, ya yi mini takardunta da sunana, ya rungume ni yana hawaye. Ta daɗe a ƙarƙashin gadona, ko zabo ban harba da ita ba. Da rufin ɗakin innarka ya fara yoyo, sai na ji wani dillali daga Duwala ya sauka a gari yana neman irinta. Ni a tunanina, wa zai kai kaya kasuwa da dauɗa? Ko akuya ce ai ka wanke ta. Na samo toka da lemun tsami, na zauna a tsakar gida na dirje ƙarfen nan sai da ya yi fari tas, kana ganin fuskarka a ciki. Inda ya ƙi na sa masa sanfefa. Ƙotar kuma na kai wa kafinta ya kankare ta ya shafa mata man katako mai sheƙi. Ranar innarka har yaba ni ta yi, ta ce kamar yau aka ƙera ta.

Da dillalin ya buɗe tsumman da na naɗe ta, sai ya dafe kai. Can ya ce, "Malam Garba, wa ya yi maka wannan aika-aika?" Na ce ni ne. Ya yi mini bayani a hankali, kamar mai yi wa mutum ta'aziyya, cewa masu tara irin waɗannan bindigogi duhun ƙarfen nan suke saya, da shafewar da hannun mai ita ya yi wa katako, ni kuwa na wanke kuɗin na zubar a kwata. Kunya ta rufe ni, har haƙuri na ba shi kamar tasa na ɓata. Ya ce don mutunci zai rage mini asara, ya ba ni abin da ya sayi kwano da ƙusa, na bi shi da godiya har bakin titi.

Sai bayan shekaru na ba wani Banasare labarin a kamfama. Ya ce gaskiya dillalin ya faɗa, dirza tana karya farashi. Amma da na gaya masa sunan maƙerin da ke rubuce a jikinta, sai ya ajiye kofinsa ya ce ko a dirjen, abin da za ta yi a gwanjo zai gina gidanmu gaba ɗaya, ba rufin ɗaki ba. Ka ga, mutumin nan bai yi mini ƙarya ko ɗaya ba. Gaskiya ya ɗauka ya daki gwiwata da ita, da na durƙusa ya kwashe kaya. Don haka, Sa'idu, in ka ga tsohon abu kada ka taɓa shi da niyyar gyara sai ka tambaya. Kuma in mai saye ya fara gaya maka aibin kayanka, ko da abin da ya faɗa haka yake, ka tambayi kanka me ya sa har yanzu bai tashi ya tafi ba. Kada ka sayar da komai a ranar da aka kunyata ka, ka bari sai ka kwana.

Wannan asarar ta aljihu ce, na daɗe da haɗiye ta. Ta biyun ce har yau take ci mini rai, kuma ita ce ta shafe ka.

Wata shekara wani mutum ya zo kamfama, ba mafarauci ba ne, ko takalmin daji bai da shi. Mai fara'a, mai son hira, ya zauna da mu ma'aikata ya ci tuwo da hannu, abin da sauran ba sa yi. Ya ce yana son tarihin mutanen daji, yana jin zafin yadda ake mantawa da mu. Maganar ta yi mini daɗi, don ba a taɓa tambayata tarihina ba. Kashegari ya roƙe ni in sa tsohon kakina da malafa ya ɗauke ni hoto don tunawa. Ya fito da wata babbar bindigar giwa daga motarsa ya ce in riƙe, hoton zai fi kyau. Ban taɓa ganin bindigar ba sai ranar. Na riƙe, na ƙanƙance ido, na kumbura ƙirji. Ya ce in rubuta masa sunana a bayan wata takarda don kada ya manta yadda ake rubuta shi, na rubuta masa da kyau, har na ja layi a ƙasa.

An daɗe, har na manta, sai wani daga cikin masu zuwa kowace shekara ya kira ni yana dariya ya ce ashe ni babban mutum ne. Ya buɗe mini littafin gwanjo mai sheƙi, irin wanda ake buga hotunan kayan da za a sayar. Ga bindigar, ga ni a gefenta da malafa. Ya karanta mini abin da aka rubuta, wai bindigar wani shahararren maharbin giwa ce na zamanin da, wai ni ne mai bin sawunsa, na ɗauke ta a kafaɗata shekaru, kuma na shaida da hannuna. Ni da ko sawun jaki ba na iya bi, ni da in ɓauna ta yi atishawa sai a same ni a bayan mota. Mutumin da suka ambata kuwa ya mutu tun ina goye. Na tambaya ko an saye ta. Ya ce an saye ta mana, kuma ta ninka 'yan'uwanta da ba su da labari.

Shi dariya yake yi, ni kuwa ranar ban iya cin abinci ba. Ban ci ko sisi a ciki ba, amma da fuskata aka yi shaidar zur, kuma ba ni da hanyar zuwa in ce wa wanda ya saya ba haka ba ne. Har yau akwai wani gida a ƙasar da ban sani ba inda aka rataye bindigar nan, maigidan yana nuna wa baƙinsa hotona yana maimaita ƙaryar, da sunana da na ubana. In na tuna sai in yi istigfari, duk da ban san ta ina zan fara ba.

A nan na gane yadda gwanjon nan yake. Masu ɗaga hannu a can ba harbi za su yi ba, wasunsu ko kaza ba su taɓa yankawa ba. A bango za su rataye ta. Ƙarfe da katako suna da iyakar farashi, kowa ya san shi, akwai masana da ke duba lamba da hatimin maƙeri. Abin da ba shi da iyaka shi ne labari, wa ya riƙe ta, a wane daji, wace dabba ta kashe, wane lamido aka yi wa kyautarta. Shi kuma labari ba a auna shi da ma'auni, mutum ake nema wanda ya fito daga wurin, ya ce i, haka ne. Da can tsoho mai malafa suke nema. Yanzu an waye, sun fi son ɗan tsohon, mai dipilom, wanda zai rubuta da Faransanci mai kyau cewa mahaifinsa ya gaya masa. To ka duba aikin da aka ce za ka yi, ka duba wannan, ka gaya mini inda suka bambanta.

Na san abin da kake faɗa a ranka yanzu, Baba ba ya yarda da kowa, ko mai sayar da goro sai ya fasa ya duba. Haka ne, kuma ba zan ɓoye maka ba, zargin nan ma ya taɓa yi mini ɓarna. Ka tuna Matiyu, mai dafa abinci a kamfama, ɗan duwatsun Mora, wanda yake kawo muku zuma kuna yara? Ɗaki ɗaya muke kwana da shi. In azumi ya zo shi yake ajiye mini abin buɗa baki, in Lahadi ta zo ni nake tsare masa tukunya ya je addu'a. Bayan abin hoton nan na zama ko inuwata ban yarda da ita ba. Sai madubin hangen nesa na wata bindiga ya ɓace daga ɗakina, kuma Matiyu kaɗai ya san inda nake rataye makulli. Ban bincika ba, ban jira ba, a gaban mutane na ce masa ya fito da shi. Bai yi faɗa ba. Ya dube ni ya ce, "Garba, ni?" Shi ke nan abin da ya ce. Kafin mako ya zagayo mai bindigar ya tuna ashe shi ya cire abinsa ya sa a jakar tufafi. Na ba Matiyu haƙuri, ya ce ya wuce, amma da rani ya sake kamawa bai dawo ba, kuma zuma ba ta ƙara shigowa gidan nan ba. Don haka ba ina ce maka ka zargi kowa ka furta ba. Ka bar zargi a ciki, ka zuba ido, ka gwada mutum da abin da ba zai ci masa mutunci ba. In ya fita, ba ka rasa kowa ba.

Yanzu ga abin da na gani ranar da Alhaji Buba ya zo gaishe ni. Kai kana ta kai da kawowa da shayi, murna ta rufe maka ido. Mutum ne mai ladabi, ban ƙwace masa wannan ba. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya gaishe ni da Fulatanci, ya juya Hausa, ya kira ni Baba, ya kawo wa innarka turmin atamfa. Ka ɗauko dipilom ɗinka ka miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu, ya ce masha Allah, ya ajiye a kan tabarma. Ina kallonsa, bai buɗe ba. Bai tambaye ka me ka karanta ba, bai ce ka rubuta masa layi ɗaya ya gani ba. Ni ya yi ta yi wa tambaya. Ko gidan wane na Banyo har yanzu bindigar kakansu tana nan? Wanda ya rasu a Maga, mai harbin dorina in ta shiga gonar shinkafa, wa ya gaji tasa, matarsa ko ƙanensa? Da na ce na manta, sai ya yi murmushi ya ce ai Sa'idu zai tuna mini. Daga nan ya tambayi lafiyar idona, ya tambayi ko hannuna yana rawa in na riƙe alƙalami. Mai zuwa gaisuwa ciwon ƙafata yake tambaya, don shi kowa yake gani.

Da zai tafi ya ce in zo in sa wa wata bindiga albarka a bayan motarsa. Ka gan ta kai ma, wadda aka naɗe ƙotarta da jar fata aka ɗinka mata layu, ya ce wani lamido ne ya ba wani gwamnan Nasara, ko gwamnan ne ya ba lamidon, na ma manta wanne. Bindigar tsohuwa ce, wannan ba shakka. Amma da na sunkuya sai warin bagaruwa ya bugi hancina. Ni ɗan mahauci ne, na san fatar da ta fito daga majema bana, na san wadda ta shekara hamsin a ɗaki, tsohuwar fata ba ta da wari sai na ƙura. Mai yiwuwa ta asalin ce ta ruɓe ya sa aka sake mata wata, ana yin haka, ba laifi ba ne in an faɗa. Amma bai faɗa ba. Sai ya ciro waya ya ce mu tsaya ni da kai da bindigar ya ɗauke mu, don tarihi. Ka ji haushina da na ce kaina yana juyawa na koma ciki, har ka ce wa innarka na kunyata ka a gaban maigidanka. Ba kaina ne yake juyawa ba, na taɓa jin wannan magana ne.

In aikin ya tabbata, ga abin da nake roƙonka. Kada ka sa hannu a kan abin da ba ka gani da idonka ba. In wani ya ba ka labari, ka rubuta wane ne ya ce, kada ka rubuta haka aka yi. In aka ce ka rubuta mahaifina ya gaya mini, ka kira ni ka tambaya, ina raye, waya tana aljihuna. Ranar da ba na raye kuma, ka sani duk abin da ban gaya maka da bakina ba, ban faɗa ba, kada ka bari a sa mini magana a baki ina kabari. In ya tura ka gidajen mutane, ka tuna don ni za su buɗe maka ƙofa. Yawancinsu yanzu mata ne da marayu, bindigar tana rataye a ɗakin mamaci, ba su san ko ta kai kuɗin tinkiya ba. In tsohuwa ta ce maka, ɗan Garba, kai ka faɗi abin da ya dace, to kada ka faɗi farashin Alhaji. Ka ce mata ba ka sani ba, ta nemi mai saye na biyu. Zai ji haushi, amma shi a Duwala yake kwana, ni nake haɗuwa da 'yan'uwansu a masallaci da wurin jana'iza.

Kuma kada ka ɗauki bindiga a mota, ko da ta fi kakanka tsufa, sai da takardarta, kuma ka karanta sunan wa ke jiki. Ka san yadda hanyar Mora take a shekarun nan. Jandarman da ke shinge ba ruwansa da gwanjo, ba ruwansa da ƙirar Ingila, saurayi ya gani da bindiga a buhu. In Alhaji ya ce ba komai, ya san manya, to ya zauna a gaba ya riƙe ta da kansa.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyin, na yi ta zagaye ina gudunta. Na lura kwanakin nan kana ta duba waya, kana fita ƙofar gida wai ko rezo ne, wato sabis ɗin waya, ba kyau, kana ce wa innarka Alhaji harkoki ne suka yi masa yawa shi ya sa bai ɗauka ba. Ba rezo ba ne. Ni ne.

Kafin ya bar gari na hau babur na same shi a masaukinsa, ba da saninka ba. Na gode masa da ya tuna da mu. Sannan na ce masa ga ɗana nan na ba shi amana, yana da ilimi, yana da gaskiya, ba ya shaye-shaye, zai yi masa aiki tuƙuru. Amma sunana ba zai shiga kowace takarda ba, hotona ba zai shiga kowane littafi ba, ba zan nuna gidan kowa ba, kuma kai ba za ka shaida abin da ba ka gani ba. Ban ce masa maƙaryaci ba, ban ambaci fatar ba, na tuna da Matiyu. Ya yi dariya, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Haba Baba, ai Sa'idu nake so, ba komai." Ya rako ni har bakin ƙofa, ya biya mai babur. Tun daga ranar, yadda na fahimta, bai ƙara ɗaukar wayarka ba.

Na san abin da na yi. Na sa hannu a cikin abincinka ba tare da na tambaye ka ba, kai da ka girma, kai da ka sha zaman jira. Sau da yawa na buɗe baki in gaya maka, sai in ga kana goge takalmi kana waƙa, sai in kasa. Innarka ba ta sani ba, da ta sani da ba ta cusa maka takardar nan ba, da ni ta cusa wa a baki. Kuma ba zan ce maka na tabbata ba. Mai yiwuwa da gaske harkoki ne suka riƙe shi, mai yiwuwa wayarsa ce ta faɗa ruwa, mai yiwuwa ni ne tsoho ya ruɗe, yana ganin ɓarawo a kowane zaure. Na taɓa yin kuskure a kan mutumin da ya fi Alhaji kusa da ni.

Shi ya sa ban hana ka tafiya ba, kuma ba na so ka sauka a Ngaundere ka juyo. Ka wuce. Ka sauka wajen kawunka, ka yi wanka, ka sa rigarka mai kyau, ka ɗauki dipilom ɗinka ka je ofishin Alhaji ranar da ya ce ka zo. Yanzu ba abin da ke hannunka sai kai kanka, don na cire sauran. In ya buɗe maka ƙofa ya ba ka kujera, to kai yake so, ni na zalunce shi a zuciyata, kuma wallahi da ƙafar nan mai ciwo zan hau mota in zo Duwala in nemi gafararsa a gabanka. Ba abin da zai fi wannan kunyar yi mini daɗi.

In kuwa aka ce maka ya yi tafiya, ka dawo gobe, goben ma aka ce gobe, to ka gane, ba kai aka ƙi ba, ba a ma dube ka ba tun farko. Kada ka tsaya a bakin ƙofarsa kana roƙo, kada ka ce masa za ka shawo kaina, don ba zan shawu ba. Kada kuma kunya ta sa ka ɓace a garin mutane kana ɗaukar kaya a tasha, kana yi mana waya kana cewa aiki lafiya. Ka nemi wani aikin in akwai, kawunka zai taimaka. In babu, ka dawo gida. Ka yi fushi da ni yadda kake so, ka daina gaishe ni, ka ci abincinka a ɗaki, zan ɗauka, na cancanci hakan. Amma ka yi fushin a nan, inda zan riƙa jin motsinka ta bango.

Allah ya tsare mini kai a hanya da masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya ba ka abincinka ta hanyar da ba za ka sunkuyar da kai ba. Allah ya sa ni ne na yi kuskure. Ka gai da kawunka da iyalinsa. Ka kira innarka da zarar ka sauka, ko da ni ba ka son jin muryata.

Mahaifinka,
Garba.